Haƙoran Tagulla da na Ƙaho

Ku 'ya'yana, na san labari biyu kuke ji a kaina game da injin wankin hoto na marigayi Alhaji Sahabi. A gidan baffanku Bello da ke Sakkwato an gaya muku cewa na ƙona injin mutane, na kuma sa ƙafa na shure aikin gwamnati. A bakin kasuwar Illela kuwa tsofaffi suna ce muku ubanku ne ya yi wa injin Turawa haƙora da ƙahon sa. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi, ya bar rabi a ƙasa. Tunda Allah ya ara mini kwana, hannuna kuma bai fara rawa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi.

A waɗancan shekaru gyaran agogo nake yi. Teburina yana ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha, da ɗan akwatin gilashi a kai. Ban tsaya ga agogo kaɗai ba, keken ɗinki ma in ya ƙi ci wurina ake kawo shi, haka sikeli da kwaɗon ƙofa. Ba na jin kunyar in ce na iya aikina. Direbobin da ke zuwa daga Tawa da Ƙonni sukan wuce masu gyara uku su ajiye agogonsu a gabana. Shagon Alhaji Sahabi mai hoto yana tsallaken titi, muna kallon juna. Dattijo ne mai sanyin magana, ya girme ni da kusan shekara ashirin, shi ne kuma ya fara ɗaukar hoto a garin tun ana shiga cikin baƙin ƙyalle. Hoton baƙi da fari da hannunsa yake wankewa, amma mai launi sai an tara fim an aika Kano, a yi mako biyu ko uku ana jira, wani lokaci ma hoton wani ya dawo a ambulan ɗin wani.

Wannan jiran ne ya ishe shi. Ya ji labarin wani Bature a Yamai da zai koma ƙasarsu yana sayar da kayansa, ya tafi, ya dawo da inji a bayan akori-kura an naɗe shi da barguna. Ranar da aka sauke shi na bar teburina na tsallaka. Tsawonsa bai wuce benci ba. Akwai kwami na ruwan ɗumi, a kansa kuma wata ganga ta roba tana kwance. A cikin duhu ake naɗa fim a sa a gangar, a rufe, sannan a ɗora ta tana mirginawa gaba da baya. Magunguna suna shiga bi da bi, kowane da mintocinsa. Idan lokacin ɗaya ya cika, sai wani hannu da ke jikin injin ya ɗaga gindin gangar, maganin ya tsiyaye, hannun ya sauke ta, na gaba ya shiga. Alhaji ya gaya mini cewa maganin farko shi ne marar haƙuri. In ya wuce lokacinsa a kan fim, hoto ya tafi, babu mai dawo da shi. Saboda haka duk rayuwar injin a wannan hannun take.

Ni kuwa abin da ke ɗaga hannun na so in gani. Na roƙe shi ya bar ni na kwance murfin gefe. A ciki akwai ɗan injin lantarki da bai kai dunƙulen hannu ba, a bakinsa wani ƙarfe mai murɗi kamar kusar da ake ɗaurawa da sukundireba. Wannan murɗin shi ke tura haƙoran wani farin faifai na roba, faifan kuma shi ke riƙe da gindin hannun. Makanikai giya suke ce wa irinsa. Na ƙirga haƙoransa, ashirin da huɗu ne. Na tuna na yi dariya, na ce wa Alhaji Turawa ma sun iya ha'inci, inji mai tsada haka amma an sa masa haƙoran roba.

Ya yi watanni yana aiki lafiya da janareta. Mutum ya ɗauki hoto yau, gobe ya karɓa. Daga Gidan Katta da Darna har ƙauyukan tsallaken iyaka ana zuwa. Sai aka rufe iyaka. Ku da kuka taso kuna ganin motoci suna wucewa ba za ku gane yadda garin ya koma ba. Masu canjin sefa suka zauna suna korar ƙuda, tasha ta yi shiru, wanda 'yar'uwarsa take aure a Ƙonni sai ya tsaya yana hangen hanya. A cikin wannan hali ne wata safiya hannun injin ya yi wata ƙara, ya ƙi ɗagawa. Allah ya taimaka Alhaji yana tsaye, ya kama hannun ya ɗaga da ƙarfinsa, ya kuwa ɗagu ba gardama, maganin ya zube, fim ya tsira. Da na buɗe na tarar da haƙora biyar sun guntule. Wanda zai kawo sabon faifai yana Yamai, Yamai kuma ta yi mana nisan Makka.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Mi kaka gani, Malam Isa?"

Na ce masa ya ba ni kwana huɗu, zan yi masa wanda jikokinsa za su gada.

Na je Kalmalo wurin wani mai gyaran injin ban ruwa, na samo guntun tagulla daga jikin wani mataccen famfo. Na yanka shi daidai da faɗin na robar, na ɗora tsohon a kai na zana, sannan na zauna da magagari ina fitar da haƙora ɗaya bayan ɗaya, gilashin agogo a idona. Har yau ina cewa ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Na goge shi har yana ɗaukar ido. Da na ɗaura aka tayar da janareta, hannun ya ɗaga ya sauke ba ko gargada. Alhaji ya sa mini albarka, mutanen tasha suka yi ta shigowa kallo, ni kuma ina tsaye ina bayani, ina nuna musu guntun robar a tafin hannuna.

A makon nan ne takardar Yaya Bello ta iso ta hannun wani direba. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ya daɗe yana aiki a wata ma'aikata a Sakkwato. Bai taɓa yarda cewa zaman bakin tasha sana'a ce ba. Ya rubuto cewa ya yi shekara yana bin wani babba, ga shi yanzu an samu gurbin mai kula da keken rubutu da agogunan ofis, da albashi da fansho da ɗaki biyu. An ba ni mako biyu in bayyana. Uwarku Ige ta yi murna, don a lokacin kasuwa ta mutu, agogo biyu a rana ma sai an yi sa'a. Ta fara ware kayan da za a tafi da su da waɗanda za a bar wa 'yan'uwa. Inna, kakarku, wadda take zaune tare da mu, ta ce ita dai ba ta barin Illela, amma in tafi, kada in kunyata Bello. Ni ma na yi niyya. Na aika masa cewa ina tafe.

Kwana tara faifan tagulla ya yi yana aiki. A rana ta goma, da hantsi, ina cikin haɗa kayan teburina na ji Alhaji yana ƙwala mini kira, abin da bai taɓa yi ba. Na tsallaka a guje. Warin ƙonewar waya ya cika shagon. Ganga tana kwance, maganin farko yana ciki, lokacinsa ya cika, hannun bai motsa ba. Alhaji ya kama yana ja da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma hannun kamar an dasa shi. Nan take na gane abin da na yi. Ƙarfe mai murɗi yana tura faifai, amma faifai ba ya iya tura shi baya. Da haƙoran roba suka karye, hannun ya saki, shi ya sa ya ɗagu a wancan karon. Nawa haƙoran ba su karye ba. Sun ciji murɗin sun riƙe, ɗan injin ya yi ta turawa har ya ƙone, suka kulle hannun a ƙasa. Gangar kuma ba ta fita sai hannun ya ɗaga. Na koma teburina na ɗauko sukundireba, na kwance kusoshi shida na murfin, na zare faifan. Kafin in gama, mintocin da suka wuce sun ninka na ƙa'ida sau uku.

Fim biyar ne a ciki. Alhaji ya ƙarasa wankin duk da haka, ya rataye su, muka ɗaga su a hasken ƙofa. Baƙi ƙirin, ko inuwar mutum babu.

Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kujerar da ake ɗaukar hoto ya fara lissafa masu hotunan. Akwai na suna, akwai na 'yan makaranta, akwai na wasu 'yan kasuwa, duk waɗannan ana iya kiransu a sake ɗauka. Na ƙarshe kuwa babu halin sakewa. Wani masunci ne daga Kalmalo, Malam Manu, ya kawo mahaifiyarsa ranar Alhamis a kan jaki. Tsohuwar ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai wannan karon, saboda 'yarta da ke aure a can ƙasar Tawa ta aiko cewa tunda hanya ta rufe, a aika mata ko da hoton uwarta ne ta gani. An ɗauka ranar Alhamis, ranar Asabar Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. 'Yar ba ta samu zuwa jana'iza ba. Manu ya aiko tun jiya yana tambaya ko hoton ya fito.

Alhaji ya ce a bar masa maganar. Zai ce zafi ne ya ɓata fim ɗin, abu ne da ke faruwa, ba wanda zai tuhumi kowa. Ya ce in tafi Sakkwato abina, inji kuma a rufe shi da bargo har Allah ya buɗe hanya. Don ya rufa mini asiri ya faɗi haka, na sani. Amma ni ne na tsaya a shagon nan ina nuna wa mutane guntun roba ina dariya. Na ce masa ni zan je Kalmalo.

Washegari na hau keke. Na tarar da Malam Manu a bakin tafki, ƙarƙashin wata bishiya, yana ɗinkin taru. Na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa, ya matsa mini a kan tabarma. Na gaya masa ko ni wane ne, na gaya masa abin da ya faru tun daga farko, ban rage ba, ban kuma sa sunan Alhaji a cikin laifin ba. Bai daina ɗinkin ba har na gama. Can ya tambaye ni ko babu ko ɗan abin da ya rage, ko da gefen mayafinta ne. Na ce babu.

Ya ce, "Ni na ga uwata shekara hamsin. Ita waccan ta Tawa, mi za ni aika mata?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Da na tashi tafiya na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, amma bai ɗago ya dube ni ba, bai kuma raka ni ba. Daga baya mun sha haɗuwa a kasuwa muna gaisawa, sai dai har ya bar duniya bai sake shiga shagon hoto ba. Kada wani ya gaya muku cewa wannan maganar ta gyaru. Ba ta gyaru ba.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Na shiga gida bayan la'asar na tarar da Ige tana ɗaure tukwane. Na ce ta kwance, ba na zuwa Sakkwato sai na tayar da injin da na kashe. Ta tuna mini cewa kwana uku suka rage, wanda Yaya ya roƙa kuma ba zai jira mai gyaran agogo ba. Ta ce Alhaji da bakinsa ya sallame ni. Inna ta fito daga ɗaki ta ce in ji tsoron Allah, Bello ya zubar da girmansa a ƙofar wani saboda ni. Duk gaskiya suka faɗa. Na ce musu mutumin nan ya sayar da gonarsa ya sayi injin, iyalinsa da shi suke ci, ya miƙa mini shi yana numfashi na mayar masa da gawa. In na tafi na zauna a ofis ina shafa wa keken rubutu mai, duk ranar da na zo gida sai na sunkuyar da kai in wuce ƙofar shagonsa. Inna ta koma ɗaki. Ige ta daɗe tana kallona, sannan ta durƙusa ta fara kwance igiyar tukwanen.

Na rubuta wa Yaya takarda na ba direba. Amsa ba ta zo a rubuce ba, shi da kansa ya zo ranar Asabar. Bai zauna ba. A tsakar gida ya tsaya, da hularsa da takalminsa na ofis, ya tambaye ni ko injin na ubanmu ne. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, don shi mutum ne mai sauraro.

Sannan ya ce, "Isa, wanga mutum da nir roƙa, da wane ido za ni dubanai? Kai ka tsare mutuncinka, ka zubar da nau."

Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri. In na bar wanga aiki haka, ko can na tafi ba ni da amfani gare ka."

Ya shiga ya gaida Inna, ya fito ya wuce tasha. Ko ruwa bai sha ba.

Daga nan na koma kan injin, wannan karon a matsayin mai neman sani. Tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko ita na fara yi: me ya sa haƙoran roba suka karye? Na kwance hannun gaba ɗaya. A mahaɗinsa, inda yake juyawa, na tarar da maganin da ke ɗiga ya bushe ya zama kamar kanwa, ga tsatsa ta kama. Da ƙyar nake motsa shi da hannuna. Ashe ciwon yana nan, faifan roba kuwa aikinsa ya yi. An yi shi da rauni da gangan, don in wani abu ya cije shi ya fara karyewa, ɗan injin ya tsira, hannun ya saki. Wanda na kira maha'inci ya fi ni tunani. Na kankare mahaɗin, na wanke da kananzir, na sa mai, har ya zama ana ɗaga shi da yatsa ɗaya. Ɗan injin kuma na kai wa wani mai naɗin fanka a kasuwa, muka zauna tare kwana biyu muna warware ƙonanniyar waya muna ƙirga zagayenta, ya naɗa sabuwa.

Saura faifai. Ina bukatar abin da zai iya ɗaga ganga cike da magani, amma ya karye in an matsa masa. Na gwada gindin bokitin roba, haƙoran suka lanƙwashe a ɗagawar farko. Na gwada icen kirya, danshi ya kumbura shi ya tsage. Na gwada dalma, ta yi laushi. Mako uku ina wannan, teburin agogo a rufe, abincin gidanmu ya koma abin da kuka sani in an ce babu. Mutanen tasha da suka yi ta yabona suka koma tambayata ko yau injin ya warke.

Wata rana da rana ina zaune a zaure da tarkacen faifai a gabana, Ige ta kawo mini fura. Ku tuna ita 'yar wanzami ce, a cikin ƙahoni ta girma. Ta ɗauki guntun farar robar ta asali, ta latsa da farce, ta ƙwanƙwasa shi a haƙorinta.

Ta ce, "Malam, wanga abu ai ƙaho ne ɗan'uwanai. Ka gwada ƙaho?"

Na yi niyyar yin dariya, sai na tuna inda dariya ta kai ni. Na tambaye ta yadda za a yi abu mai lanƙwasa ya zama faifai. Ta ce babanta yakan tsaga shi, ya dafa, ya gasa a kan garwashi sama-sama har ya yi laushi, sannan ya danne da dutse ya kwana biyu. Ta ce a nemi na tsohon sa, kusa da gindi inda yake da kauri, kuma a jiƙa shi da man gyaɗa in ba haka ba zai yi ɓawo ya tsage. Na je mahauta na samo ƙahoni huɗu na tsofaffin shanu. Ita ta dafa, ita ta gasa, don ni na ƙona na farko, gidan ya cika da wari har Inna ta fita maƙwabta. Muka danne da dutsen niƙa. Da muka ɗaga, ga shi a miƙe kamar allo, da ɗan haske-haske in an ɗaga shi a rana.

Ƙaho yana da hanya kamar itace, in ka bi ta ba daidai ba haƙori ya ɓalle. Biyu na ɓata kafin in gane. Na uku ya fito da haƙoransa ashirin da huɗu cif. Na ɗaura, muka cika ganga da ruwa zalla, ba fim, muka tayar da janareta. Hannun ya ɗaga, ya sauke. Muka bar shi ya yi ta yi har azahar. Sannan na yi abin da ya ba Alhaji tsoro. Na ce ya matsa, na sa hannuna biyu na danne hannun injin lokacin da zai ɗaga. Ɗan injin ya yi gurnani, sai muka ji ƙas, haƙora uku sun tafi, hannun ya saki. Na taɓa ɗan injin, ko zafi bai yi ba. Alhaji ya riƙe baki yana kallon aikin kwana biyu da na karya da kaina. Na ce masa yanzu ne na yarda da shi. Na koma gida na yanka wasu guda uku, ɗaya a jikin inji, biyu a cikin gwangwanin man gyaɗa a kan kanta. Na kuma rage kusoshin murfin daga shida zuwa biyu, na koya masa yadda zai canza faifan da kansa, da yadda zai wanke mahaɗin duk ranar Juma'a.

Kowane faifai yakan yi wata huɗu ko biyar kafin ya cinye. Haka muka yi ta yi har aka buɗe iyaka, aka kawo na roba daga Yamai. Alhaji ya ajiye shi a aljihun tebur, ya ce sai na ƙahon ya ƙare, na ƙahon kuwa bai ƙare ba, don Ige ba ta daina dafawa ba. Fim bai sake ƙonewa a wannan shago ba. Labari ya bazu, aka fara kawo mini injin niƙa da na saƙa da na buga takarda, duk abin da ke da haƙora. Da wannan sana'ar na ciyar da ku na sa ku makaranta. Fansho dai ban da shi, kun kuma ga yadda tsufa yake ga wanda ba shi da shi. Wanda aka ba gurbina a Sakkwato ya yi ritaya da gidansa na kansa.

Abin da ya fi fansho ciwo shi ne Yaya. Shekara huɗu yana zuwa gaida Inna, in na shigo ya amsa sallamata ya ci gaba da maganarsa da ita. In na je Sakkwato sai a ce ya fita. Ban taɓa ganin laifinsa ba, ku ma kada ku gani. Babban da ya roƙa ya daɗe yana yi masa gori, an kuma tsallake shi a ƙarin girma sau ɗaya, ko da yake bai taɓa gaya mini da bakinsa ba.

A shekarar da ya samu kujerar Makka, ana neman hotunan fasfo. Masu hoto sun fi goma a Sakkwato. Wata safiya ina kan teburina sai na ga ya sauka daga mota, ya tsallaka titi, ya shiga shagon Alhaji Sahabi. Na ajiye abin da ke hannuna na bi shi. Na tarar ya zauna a kujera, ya gyara hula, Alhaji ya ɗauke shi. Ya ce ba zai koma ba sai da hotonsa, zai jira. Alhaji ya ƙarasa sauran fim ɗin yana ɗaukar bango don kada ya tsayar da shi, ya shiga duhu ya naɗa, ya ɗora ganga. Muka tsaya mu uku muna kallonta tana mirginawa. Da lokacin maganin farko ya cika, hannun ya ɗaga a hankali, maganin ya tsiyaye, ya sauke.

Yaya ya ce in buɗe masa ya gani. Na kwance kusoshin biyu. Ya cire tabaransa, ya sunkuya, ya daɗe yana duban faifan yana juyawa, man gyaɗa yana ƙyalli a haƙoransa. Ya tambaya ko da gaske ƙaho ne, na ce ƙaho ne, Ige ce ta dafa. Ya miƙe ya mayar da tabarau. Sannan ya kwance agogon hannunsa, wanda na san ya saya tun farkon aikinsa, bai kuma taɓa bari na taɓa shi ba, ya miƙo mini.

Ya ce, "Shina jinkiri da minti biyar. Ka duba min shi kafin in tashi, kada in rasa jirgi."

Na karɓa da hannu biyu, na tsallaka titi, na zauna na buɗe shi. Ya biyo ni ya zauna a bencin masu jira, ya aika a gaya wa Ige ta sa tuwo da shi.